Idan Ciwo Ya Raba Mutum Da Aikinsa, Wace Ƙofa Zai Bi Ya Fita?

Ma'aikacin da ciwo ya ci ƙarfinsa yakan kai matsayin da hutu kawai yake so. Ya gaji da neman izini duk ranar asibiti, ya gaji da kallon tausayi, ga nauyin da yake ji na karɓar albashin aikin da wani ke yi a madadinsa. Daga nan sai a ba shi shawara, ko ya ba kansa, cewa ya rubuta takardar ajiye aiki a wuce wurin. A tsarin aiki da fansho na Najeriya, wannan takarda mai layi uku tana iya jawo masa asarar da ba za ta gyaru ba, domin doka ta bambanta wanda ya ajiye aiki don kansa da wanda aka yi wa ritaya saboda rashin lafiya, ko da ciwonsu ɗaya ne.

Dokar fansho ta 2014, wadda ta kafa tsarin adashin gata yadda yake a yau, ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, kuma mai asusun ba zai taɓa kuɗin ba sai ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50. Wanda ya bar aiki kafin 50 sai ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba, sannan a ba shi abin da bai wuce kashi 25 na abin da ya tara ba. Sauran yana nan a kulle. Amma dokar ta buɗe wata ƙofa ga wanda ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar cewa jikinsa ko hankalinsa ba zai iya ɗaukar aikin ba, da wanda ya samu naƙasa ta dindindin: shi za a fara biyansa haƙƙin ritaya ko shekarunsa nawa. A ɗauki mai shekara 41 da naira miliyan 6 a asusunsa. Idan ya ajiye aiki da kansa, miliyan ɗaya da rabi zai karɓa bayan wata huɗu, sai ya jira shekara 9 da ciwo a jiki. Idan ritayar rashin lafiya aka yi masa, zai shiga layin 'yan fansho tun yanzu.

Saboda haka abin da za a rubuta a takardar barin aiki shi ne tushen komai, kuma ba ya samuwa sai an bi matakai. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, wanda ba a kwantar a asibiti ba yana da hutun jinya na kwana 42 a cikin wata goma sha biyu. Idan ya wuce haka sai a tura shi gaban kwamitin likitoci. Wanda aka kwantar ana ba shi har wata uku a karon farko kafin a kai ga kwamitin. Ma'aikatarsa ce ke rubuta buƙatar a kafa kwamitin, kuma fayil yakan kwanta a tebur idan babu mai bin sa, don haka ana buƙatar wani ɗan'uwa ko wakilin ƙungiyar ƙwadago da zai riƙa leƙawa. A kamfanoni kuwa dokar ƙwadago kwana 12 na aiki kawai ta tilasta a biya marar lafiya a shekara, da shaidar likita, kuma wannan ma ya shafi leburori da ƙananan ma'aikatan ofis ne. Manyan ma'aikata abin da ke cikin takardar ɗaukarsu aiki da kundin ƙa'idojin kamfani shi ne madogararsu, sai a nemo su a karanta tun kafin a zauna da shugabannin wurin.

Rahoton likita shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Likita yakan rubuta sunan ciwo, da magungunan da ake sha, da ranar dawowa asibiti, ya buga hatimi. Wannan rahoton jinya ne, bai isa hujjar ritaya ba. Wanda ake so shi ne wanda ya faɗi ƙarara cewa ciwon ya hana wannan mutum yin wannan aikin, kuma ba a sa ran zai iya komawa kansa. Ya fito daga likitan da ke duba shi a fannin ciwon, a kan takardar asibiti mai lamba da kwanan wata, kuma kamfanonin fansho sun fi karɓar na asibitin gwamnati ba tare da ja-in-ja ba. Takardar ritayar da wurin aiki zai bayar ita ma dole ta ambaci rashin lafiya a matsayin dalili. Idan aka rubuta “ya ajiye aiki don raɗin kansa”, rahoton likita ba lallai ya ceci lamarin ba. Wanda ke tsoron cewa ya rufe wa kansa ƙofar aiki har abada ya sani cewa dokar ta ba shi damar neman a sake duba lafiyarsa sau ɗaya a duk shekara biyu, kuma idan ya warware ya samu wani aikin, zai ci gaba da zubi a asusunsa.

Kafin ma a kai ga fita, ya kamata a gwada sauyin aiki. Malamar da ba ta iya tsayuwa gaban allo tana iya riƙe ɗakin karatu ko rajistar jarrabawa. Direban da idonsa ya yi rauni yana iya riƙe sito. A rubuta buƙatar, a haɗa da shawarar likita, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta a ware mutum saboda naƙasarsa, ta kuma ce hukumomin gwamnati su ba masu naƙasa aƙalla kashi 5 na guraben aiki. Aiwatar da ita yana tafiyar hawainiya, amma tana ba ma'aikaci abin riƙewa idan magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Akwai dalilin da ya sa zama cikin rajistar ma'aikata yake da daraja ko da albashi ya ragu, kuma mutane ba sa son a faɗe shi a gaban marar lafiya. Dokar fansho ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Wannan kuɗi iyalan wanda ya rasu yana bakin aiki ake biya. Ranar da ya fita daga aiki, ranar inshorar ta daina aiki a kansa. Rai a hannun Allah yake, amma wanda likitoci suka ce ciwonsa ya yi nisa, kuma yana da sauran hutun jinya, bai kamata ya yi gaggawar sa hannu ba sai ya auna wannan.

Abin da ba a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne ɓacewa babu takarda. Iyali sukan ɗauke marar lafiya su kai shi ƙauye wajen mai magani, wata uku babu wanda ya sanar da ofis. Rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne a aikin gwamnati da ke iya kai wa ga kora. Ko ba a kore shi ba, ana iya yin tantance ma'aikata yana kwance, ba a ga fuskarsa ba, ba a ɗauki zanen yatsansa ba, sai sunansa ya faɗa jerin ma'aikatan bogi a tsayar da albashi. Dawo da suna ya fi cire shi wuya nesa ba kusa ba. Duk takardar hutun jinya a kai ta ofis kafin ta baya ta ƙare.

Idan ciwon daga aiki ya samo asali, akwai wani haƙƙi daban da fansho. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 na jimillar albashin ma'aikatansu a asusun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata, ba a cire ko kwabo daga ma'aikaci. Ta shafi rauni a wurin aiki, da haɗari a kan hanyar gida zuwa aiki, da cututtukan da aikin ke jawowa kamar ciwon huhu na ƙura ko kurumtar da ƙarar injin ke haddasawa. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 na albashinsa duk wata, ban da kuɗin jinya da kayan taimako irin ƙafar roba. Wa'adi ne ke kayar da mutane: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da wurin aiki cikin kwana 14, wurin aiki ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Wasu kamfanoni sukan biya kuɗin asibiti na farko su ce a rufa wa juna asiri, musamman idan ba su yi rajista da hukumar ba, kuma kafin ma'aikaci ya farga wa'adi ya wuce. Hawan jini ko ciwon suga da ba a iya danganta su da aikin ba, ba sa cikin wannan.

Sai takardun fansho. Tun ciwo bai kwantar da mutum ba ya nemi cikakken bayanin asusunsa daga kamfanin fanshonsa, ya bi shi wata bayan wata yana gwadawa da takardun albashi. Doka ta ce a tura zubi cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, amma akwai wuraren da ke cirewa ba sa turawa, kuma bin bashin ya fi sauƙi mutum yana ciki, sannan ana iya kai ƙara ga PenCom, hukumar da ke sa ido kan harkar fansho ta ƙasa. Wanda ya buɗe asusu kafin Yulin 2019 sai an sabunta bayanansa an haɗa da lambar katin ɗan ƙasa (NIN). A nan ne za ka ga mutum a kan keken guragu gaban teburin jami'in fansho, an jera takardu uku: a ɗaya Muhammad, a ɗaya Mohammed, a ta ukun an sa sunan gari a madadin sunan mahaifi, shekarar haihuwa kuma ta fayil ɗin aiki ta girmi ta katin ɗan ƙasa da shekara biyu. Kowane saɓani sai an yi rantsuwa a kotu an gyara, kuma gyaran yana cin makonni alhali albashi ya riga ya tsaya. Ma'aikatan tarayya da suka fara aiki kafin tsakiyar 2004 suna da ƙarin jira, domin haƙƙinsu na shekarun tsohon tsari sai an tantance su gwamnati ta zuba shi a asusun.

Jihohi kuma kowace da dokarta. Kaduna ta koma tsarin asusun mutum ɗaya tun 2017, Kano da Jigawa kuwa asusun haɗaka suke yi, inda ake lissafa fansho bisa albashin ƙarshe da shekarun aiki. A irin wannan tsari yawan shekarun aiki yana da iyakar da sai an kai ta ake cancanta. A tsohon tsarin tarayya shekara 5 ce ta garatuti, 10 ta fansho. Wanda ya rage masa 'yan watanni ya cika irin wannan iyaka ya duba dokar jiharsa da kyau kafin a tsayar da ranar fita.

A tsarin adashin gata, idan an amince da biya, za a ba mai ritaya zaɓi biyu bayan dunƙulen kuɗin da ake fara ba shi. Na ɗaya, kuɗin ya zauna a kamfanin fansho ana juya shi ana biyansa duk wata. Idan ya rasu, abin da ya rage na magada ne. Na biyu, a miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biyansa har ƙarshen rayuwa, da lamunin shekara 10: idan ya rasu kafin su cika a biya magada ragowar, idan bayansu ne babu sauran komai. Ana iya tashi daga na farko zuwa na biyu, ba a iya dawowa. Ga mai naƙasar da ba ta taɓa tsawon rai, kamar wanda ya rasa gani yana da shekara 40, na biyun yana da ma'ana. Ga mai ciwo mai tsanani da ƙananan yara, na farkon ya fi kare iyali, kuma tunda ana iya sauyawa daga baya, farawa da shi ya fi aminci. Dillalan inshora suna da kamasho a kan kowane mutum da suka kawo, a saurare su da wannan a rai. Mai gudun kuɗin ruwa yana iya neman a mayar da kuɗinsa asusu na shida daga cikin asusun da kamfanonin fansho ke juya kuɗi a ciki, wanda ake juyawa bisa ƙa'idojin shari'a. Wanda kuma abin da ya tara ba zai ba shi fanshon da ya kai kashi ɗaya bisa uku na mafi ƙarancin albashi ba, ana iya ba shi kuɗinsa duka a dunƙule.

Kuɗin asibiti ne ke cinye lissafi. Inshorar lafiya ta ma'aikata, wadda ke ɗaukar mutum da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da 18, tana rataye ne da albashi, kuma a wurare da yawa tana tsayawa daidai lokacin da aka fi buƙatarta. A tambayi ranar da za ta tsaya a rubuce. A yi sabuwar rajista tun kafin ranar, ko a GIFSHIP, shirin ɗaiɗaikun mutane da iyalai na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa NHIA, ko a hukumar jiha kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, domin sabon shiga yakan yi jiran makonni kafin katinsa ya fara aiki. A kuma karanta abin da inshorar ba ta ɗauka. Wankin ƙoda misali ne: ƙa'idarsa sau uku a mako, kusan awa huɗu kowane zama, inshora kuwa zama ƙalilan take biya. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Ko a wannan farashi, zama goma sha biyu a wata 144,000 ne, ya ninka mafi ƙarancin albashi na 70,000 har da ɗori, ban da allurar ƙarin jini, gwaje-gwaje da kuɗin mota. Wanda ya yi wannan lissafi tun da wuri ba zai zuba dunƙulen kuɗinsa a ginin da ba zai ƙarasa ba.

Dunƙulen kuɗin yana da masu jiransa. Za a zo da shawarar a sayi adaidaita sahu a ba yaro, ko a buɗe shagon cire kuɗi, ko a ba wani ɗan'uwa ya juya. Sana'ar da mai ita ba zai iya zuwa ya duba ba takan mutu cikin shekara, kuma marar lafiya ba ya da ƙarfin rigima da ɗan'uwa. Abin da ya fi shi ne a fara ware kuɗin magani na aƙalla wata shida a asusu daban, a biya bashin da ke da ruwa, sannan a yi tunanin jari da abin da za a iya jure asararsa. Mai rancen albashi a banki ya duba takardar yarjejeniyar, da yawa akwai inshorar da ke biyan ragowar bashin idan naƙasa ta dindindin ta samu mai rancen, kuma banki ba zai tuna masa ba. Akwai kuma ƙananan haƙƙoƙi da ake mantawa: kashi 2.5 da ake cirewa na asusun gidaje, wanda Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya ke mayarwa ga wanda ya yi ritaya, da ajiyar ƙungiyar gama kai ta ofis, da kuɗin hutun da ba a ci ba.

Duk wannan takarda ce da kuɗi. Abin da ya fi wuya shi ne safiyar Litinin, unguwa ta watse, yara sun tafi makaranta, mutum na zaune da kaya a jiki babu inda za shi. Aiki ne ke tsara masa lokacin tashi da na cin abinci, shi ke haɗa shi da mutane, shi ke sa a kira shi Malam ko Injiniya ko Sista. Makonnin farko gida cike yake da 'yan dubiya, daga baya ƙafa ta ɗauke, wayar ma ta rage ƙara. Magidancin da ya saba bayar da kuɗin cefane, yanzu matarsa ko ɗansa ke fitarwa, yakan zama mai saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma iyali sukan ɗauka halinsa ne ya sauya. Zama ɗaya da iyali a faɗa musu gaskiyar abin da zai riƙa shigowa da abin da magani zai ci yana rage wannan sosai, haka ma barin wasu shawarwarin gida a hannunsa, kamar lissafin kuɗin makaranta da duba karatun yara.

Rana tana buƙatar ginshiƙai: lokacin tashi ɗaya, magani a rataye da lokutan salla don kada a manta, fita ko da ƙofar gida ce, da wani abu ɗaya da wasu ke jiransa a kai, kamar koyar da yaran maƙwabta ko riƙe littafin kuɗin masallaci. Masu sikila, ciwon zuciya da ciwon gaɓoɓi suna faɗawa tarko ɗaya: ranar da suka ji dama sai su yi aikin kwana uku, su kwanta kwana huɗu. Masu gashin ƙashi suna koyar da akasin haka, wato a tsayar da gwargwadon da jiki ke ɗauka ko a rana marar daɗi, a tsaya a kansa kullum, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Mai shanyewar ɓarin jiki kuwa ya sani cewa mafi yawan farfaɗowa a wata uku zuwa shida na farko take, watannin da aka fi ɓatarwa wajen yawon neman magani. Addu'a da gashin ƙashi ba sa karo da juna, kuma daina maganin hawan jini don an ji sauƙi shi ne hanyar shanyewar jiki karo na biyu. Addini ma ya sauƙaƙa: salla a zaune ko a kishingiɗe, ciyarwa a madadin azumi ga mai ciwon da ba a sa ran warkewarsa, abin da ya shafi masu suga da ƙoda kai tsaye.

Baƙin ciki a farkon lamari ba abin mamaki ba ne. Amma idan ya wuce mako biyu kullum, babu barci, babu sha'awar abinci ko hira, mutum yana cewa ya zama kaya ga iyalinsa ko gara ya mutu, wannan ciwon damuwa ne mai magani, kuma yana yawan biyo bayan shanyewar jiki da ciwon ƙoda. Cewa “ka yi tawakkali” kaɗai ba ya isa. A faɗa wa likitan da ke duba shi, ko a je asibitin ƙwaƙwalwa kamar na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, ko na Dawanau a Kano. Mai jinya ita ma a duba ta. Juya marar lafiya duk awa biyu don gudun gyambon kwanciya aiki ne na dare da rana, kuma idan aka bar shi a kan mace ɗaya za a wayi gari da majinyata biyu. A raba kwanaki tsakanin 'yan'uwa, a ambaci sunan kowa da ranarsa.

Ciwon da ke iya taɓa magana, hannu ko tunani yana buƙatar a shirya wakilci tun mutum yana iya sa hannu. A je banki a ƙara amintaccen mutum a kan asusu, ko a yi takardar wakilci a gaban lauya, maimakon miƙa katin cire kuɗi da lambar sirri ga duk wanda ke kusa. A sabunta sunan makusanci a fayil ɗin fansho, a kuma gane cewa wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne kawai, bai mayar da shi magaji ba. Kamfanin fansho zai nemi wasiyya da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci kafin ya saki kuɗi. Takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, takardun albashi na watannin ƙarshe, rahoton likita, takardar ritaya da lambar asusun fansho, a haɗa su a jaka ɗaya, a ɗauki hotonsu a waya, a nuna wa mutum biyu inda suke.